Hancin Duna: Yadda Muka Raba Ciwo da Tsufa

A ƙungiyarmu ta farauta, idan kare ya haura shekara 10 ya fara wuce ramin gafiya bai tsaya ba, hukuncinsa guda ne. Sai a ce tsufa ya ci hancinsa, a bar shi gida yana gadin akurki, ba a kuma sake tambayar komai a kansa. Haka na taso na tarar, haka kuma Kawu ya yanke wa Duna a ranin bara.

Duna baƙin kare ne irin namu na gida, mai dogon baki da shafaffen ciki. Kawu ya karɓo shi yana ɗan kwikwiyo a shekarar da aka aurar da ƙanwata, don haka ya kai shekara 12 ko ya ɗan ɗara. Karen ƙauye bai cika kai wannan ba, domin ko ciwo bai ɗauke shi ba, maciji ko mota za su ɗauke shi. Duk wanda ya yi dawa da mu ya san aikinsa. Sauran karnuka su yi ta zarya suna haushi, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya bi sawu shiru, inda ya tsaya ya fara tono nan nama yake.

Ni malamin bayoloji ne a makarantar sakandare, farauta kuwa gadonta na yi. Abin da ya hana ni karɓar hukuncin Kawu shi ne saurin da abin ya yi. Shekara guda kafin nan Duna ya rage gudu, amma bai taɓa ɓata sawu ba. Sai ga shi cikin 'yan watanni ana jefa masa ƙashi a gefe yana dube-dube, sai idonsa ya faɗa a kai sannan ya ɗauka. Tsufa ba ya zuwa da irin wannan gaggawar. Ga kuma atishawa, musamman in ya gama shan ruwa, ga majina mai kauri tana fitowa ta ƙofar hanci ɗaya kawai, ta dama. Bakinsa yana ɗoyi, in zai ci abu sai ya karkatar da kai ya tauna ta hagu.

Na same shi a zaure bayan la'asar na ce, "Kawu, ka ba ni aron Duna in kai shi birni likita ya duba shi."

Ya ɗago ya dube ni. "Malam, wane likita ne yake maganin tsufa?"

"Babu shi, Kawu. Sai dai ban yarda tsufan ne kaɗai ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce in je, amma kada in bari a wahalar masa da kare. Akwai waɗanda suka ce ɓarnar kuɗi ce a kai kare asibiti. Ban tsaya musu ba. Allah ya halatta mana abin da dabbar farauta da muka horar ta kamo mana, yana nan a aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida, kuma dabbar da ta ciyar da gida fiye da shekara 10 tana da haƙƙi a kanmu ranar da ta gaza.

Kafin tafiya na so in san iyakar abin da ya rage masa, don in sami abin da zan gwada da shi daga baya. Na samo ƙananan ƙore guda uku iri ɗaya, na huda kowacce a gindi, na kife su a tsakar gida da tazarar taku biyu-biyu. Ƙarƙashin ɗaya na sa ɗan guntun bandar kifi. Akwai ka'idojin da in ba a kiyaye ba gwajin banza ne. Duk ƙoren sai na taɓa su da hannun da ya taɓa kifin, don kada warin hannu ya nuna masa wadda ake so. Yaro ya riƙe shi a bayan rumbu lokacin da nake ɓoyewa. In an sako shi kuma sai in juya baya, saboda kare gwani ne wajen karanta fuskar mai shi, kallo ɗaya ya ishe shi. Kowane zagaye ina canza wurin kifin. Na fara da wata matashiyar karya ta maƙwabcinmu, ita ko tsayawa ba ta yi, daga bakin rumbu take miƙewa zuwa ƙwaryar. Duna ya zo ya sa hanci a ta farko, ya wuce ta biyu, ya dawo, ya ture wadda ta fi kusa da shi da ƙafa. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure, kuma dacewar ba ta wuce ta mai canki ba. Na rubuta komai a bayan littafin darasi.

Mun shiga birni a bayan a-kori-kura, na ɗaure masa takunkumi na tsumma. Likitan dabbobin da muka samu matashi ne mai natsuwa. Ya fara da tambayoyi: me yake ci, an taɓa yi masa allurar haukan kare, ya taɓa yin ciwon da ido da hanci ke zubar da ruwa yana tari, an ba shi wani magani kwanan nan? Daga nan ya yagi ɗan zaren auduga ya riƙe a gaban ƙofar hancin hagu, zaren ya yi ta kaɗawa da numfashi. Ya mayar dama, da ƙyar ya motsa. Ya shafa kaluluwar ƙasan muƙamuƙi, ya danna ƙashin fuska ko akwai kumburi, ya juya tafin ƙafarsa yana latsawa.

Na ce, "Likita, me ya haɗa tafin ƙafa da hanci?"

Ya ce, "Malam, cutar distemfa, wato ciwon nan na zubar ruwan ido da hanci da tari da na tambaye ka, takan bar tafin ƙafa da taurin gaske, kuma tana cikin cututtukan da aka tabbatar suna kashe wa kare jin wari, wani lokaci har bayan ya warke. Nasa lafiya lau."

Sai ya ɗaga leɓen sama na dama. Nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk zamana da karen nan. Fiƙar sama ta yi tsatsa har ta koma ruwan ƙasa, dasashi ya janye ya yi ja, da ya taɓa ta sai ta girgiza, mugunya ta ɓullo ta gefe. Ya ce saiwar fiƙar kare doguwa ce, ta fi abin da ake gani a waje tsawo, kuma siririn ƙashi ne kawai tsakaninta da kogon hanci. In ciwon dasashi ya cinye wannan ƙashin sai hanya ta buɗe daga baki zuwa hanci, ruwa da ɓarɓashin abinci su riƙa hawa sama, hanci ya zauna cikin kumburi da majina. Dalilin atishawa bayan shan ruwa ke nan, dalilin kuma da ya sa majinar take gefe ɗaya.

Bai tsaya nan ba, ya ce sai ya kore wasu abubuwa. Tsohon kare mai dogon baki in yana majina ta gefe ɗaya, dole a yi tunanin ƙari a cikin hanci. Akwai kuma wani ƙari da karnuka masu yawo ke ɗauka wajen barbara, wanda kan koma hanci saboda shinshina. Sannan akwai wata tsutsa mai faɗi da ake kira Linguatula, tana zama cikin hancin kare, ana samunta a ƙasar nan, kuma hanyar kamuwa da ita ita ce cin ɗanyen kayan cikin tumaki, awaki ko zomo. Da ya faɗi haka na tuna yadda muke yi a dawa: da an feɗe nama, hanta da huhu da hanji na karnuka ne, ɗanye, ladan aikinsu. Ya ɗebi majinar da kashi ya duba a madubin gwaji bai ga ƙwan tsutsa ba. Ya ɗebi jini don ya ga ƙarfin hanta da ƙoda, tunda allurar barci ga tsoho ba abin wasa ba ce.

Muna jiran sakamakon jini hira ta kai mu ga abin da ya sa tun farko na ƙi sallamawa. Can cikin hancin kare, ta baya, akwai siraran ƙasusuwa a nannaɗe, an shimfiɗe su da wata fata mai laima. A cikinta ƙwayoyin jijiyar jin wari suke, a kare ana ƙiyasta su da ɗaruruwan miliyoyi, a mutum 'yan miliyoyi ne. Kowace ƙwaya tana da siraran gashi da ke kwance cikin laimar suna kama wari, ta ɗaya gefen kuma tana miƙa zare ya ratsa wani ƙashi mai huda-huda kamar rariya, ya shiga curin jin wari da ke gaban ƙwaƙwalwa. Kare mai bin sawu yakan ja iska wajen sau 5 a daƙiƙa ɗaya, wani kaso na iskar ya wuce kai tsaye zuwa wannan lungun, wadda ya fitar kuma ta bi ta tsagar gefen hanci don kada ta kore warin da ke gabansa.

Waɗannan ƙwayoyin jijiya su ne suke fuskantar duniya tsirara. Ƙura, hayaƙi, ƙwayoyin cuta, duk a kansu suke sauka, shi ya sa suke mutuwa. Ikon Allah, a ƙarƙashinsu akwai ƙwayoyin tushe da ke rabuwa suna haifar da sababbi, sabuwar ta girma ta miƙa zarenta har ƙwaƙwalwa ta ɗauki aikin wadda ta mutu. A ɓeraye an ga yawancinsu ba sa wuce wata ɗaya zuwa 'yan watanni kafin a maye gurbinsu. Pasquale Graziadei da Ariella Monti Graziadei ne suka bayyana wannan dalla-dalla a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Da can littattafai cewa suke yi baligi ba ya samun sabuwar ƙwayar jijiya, abin da aka haife ka da shi shi ke nan, kuma har yau akwai ɗaliban da ke zuwa ajina da wannan a kansu. Joseph Altman ya fara karya wannan zancen tun shekarun 1960, lokacin da ya nuna sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, aka daɗe ba a saurare shi ba.

Na tambayi likita inda tsufa ya shigo cikin wannan. Ya ce ƙwayoyin tushen su ma gajiya suke yi. Rabuwarsu takan ragu, masu mutuwa su fi masu haihuwa, fatar ta yi siriri, wasu wurare ma su rikiɗe su koma fatar numfashi zalla wadda ba ta jin wari. Ya kawo wani bincike da aka yi a Japan aka wallafa a 1996, inda aka duba hancin karnuka 22 masu shekara 10 zuwa 19. An ga ƙanƙancewar fatar jin wari da raguwar ƙwayoyi da gashinsu a waɗanda suka haura shekara 14, abin ya fi tsanani a waɗanda suka wuce 17. Wannan ya ƙarfafa mini gwiwa ƙwarai. Duna bai kai can ba. Lallai tsufa ya taɓa shi, amma da wuya a ce shi kaɗai ya rushe hancin cikin rani guda.

Jini ya nuna zai iya ɗaukar aikin. Aka yi masa allurar barci, likita ya zura siririn ƙarfe ta gefen fiƙar, sai ga ɗigon jini ta ƙofar hancin dama, shaidar cewa hanyar a buɗe take. Ya cire haƙorin, ya kankare ramin, ya wanke hancin da ruwan gishiri na asibiti, sannan ya yanko dasashi daga gefe ya ja ya rufe ramin ya ɗinke. Ya ce in ba a rufe da kyau ba hudar takan dawo. Ya nuna mini haƙorin a faranti, saiwar ta yi baƙi tana wari. Ya leƙa cikin hancin iya inda kayan aikinsa suka kai, bai ga ƙari ba, amma ya gargaɗe ni cewa in majina ta dawo ko jini ya fito in dawo da shi a ɗauki hoto.

Ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, ya kuma ja mini kunne a kan wani abu da muke yi. Da kare ya fara zawo sai mu aika yaro kemis ya sayo Flagyl. Ya ce a wani gwaji da aka yi a Amurka a 2016 kan karnuka masu gano bama-bamai, rabinsu sun ragu wajen jin wari lokacin da suke shan wannan maganin da yawa. Magungunan rage kumburi irin su dezametason ma an ga suna taɓa hanci. Ba cewa ya yi kada a yi amfani da su ba, cewa ya yi likita ne zai auna, musamman ga karen da hancinsa ne sana'arsa.

Jinya a gida ta fi aikin wuya. Mako biyu babu ƙashi, babu abu mai tauri, sai tuwo da aka dama da romo ya yi ruwa-ruwa. Kawu da kansa ya karɓi wannan aikin, kullum da safe yana tsugune gabansa da kasko, yana hana yara jefa masa komai. Majina ta tsaya tun makon farko, ɗoyin baki ya tafi. Na ƙagu in maimaita gwajin ƙore, amma likita ya ce in ba shi lokaci. Buɗewar hanya abu ne na kwanaki, sake tsirowar ƙwayoyin jijiya da isar zarensu ƙwaƙwalwa kuwa sai makonni, a tsoho ma ya fi haka jinkiri.

Da na fara gwadawa bayan ɗinki ya warke, ya ɗan fi da, amma ba abin a zo a gani ba. Wajen wata biyu bayan aikin ne na ga canji na gaske. Wata safiya yaro ya sako shi, ya taho a hankali, ya tsaya tsakanin ƙoren ya ɗaga kai kaɗan. Na ga gefen hancinsa yana rawa, ina jin ƙaramar ƙarar jan iska a jere, wadda na daɗe ban ji daga gare shi ba. Ya sauke kai ya bi ƙasa, ya wuce ƙwarya ta farko bai kula ta ba, ya tsaya a ta uku ya sa hanci daidai kan hudar, ya yi dogon numfashi, sannan ya kife ta da ƙafa. Kawu yana zaune kan turmi yana kallo. Ya ce, "Malam, sake ɓoyewa." Na sake, ya sake samu. Kawu ya ce, "Ikon Allah, ashe yana nan."

Sai dai bai dawo Dunan da ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Da na rage kifin ya zama ɗan ƙaramin ɓarɓashi, karyar maƙwabci tana samu, shi yana wucewa. Da safe yana ƙoƙari, da rana tsaka in iska ta bushe sai ya rikice. Wannan ragowar ita ce rabon tsufa, kuma ba a hanci kaɗai take ba. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wurare biyu da aka san ana haihuwar sababbin ƙwayoyin jijiya bayan girma. Ɗaya yana jikin bangon kogunan ruwan ƙwaƙwalwa, daga nan ƙwayoyin ke yin ƙaura su gangara zuwa curin jin wari, inda suke taimakawa wajen bambance wari biyu masu kama da juna. Ɗayan yana cikin hifokamfus, sashen da ke riƙe hanya da wuri. A 2007 an wallafa bincike kan karnukan bigul, wani nau'in karen farauta na Turawa, da ya nuna haihuwar ƙwayoyi a hifokamfus ta ragu ƙwarai a tsofaffi, kuma raguwar tana tafiya tare da raunin koyo da tunawa. Bin sawu kuwa ya ƙunshi duka: ka ji warin, ka raba na zomo da na akuyar da ta bi ta nan, ka tuna inda ka baro shi. Shi ya sa tsohon kare kan ji wari sarai amma ya daɗe yana juyi kafin ya yanke shawara.

Likita ya ce mu sa ido kan alamun ruɗewar tsufa: kare ya riƙa yawo da dare yana barci da rana, ya tsaya a lungu ya rasa hanyar fita, ya manta mutanen gida. Duna bai nuna ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Ya kuma ce ajiye tsohon kare a ɗaure ba aikin yi shi ne abin da ya fi cutar da shi. Masu bincike a Kanada da Amurka sun daɗe suna bin tsofaffin karnukan bigul, suka ga waɗanda ake motsa su, ana ba su abin warwarewa da abinci mai kyau, sun fi riƙe basirarsu. A ganina wannan ya rushe al'adarmu ta mayar da tsohon kare gadin akurki. Muna cewa hutu muka ba shi, alhali mun raba shi da abin da ke riƙe da ƙwaƙwalwarsa.

Don haka muka canza yadda muke fita da shi. Ba ya bin babbar farauta ta yini guda. Ni ko Kawu mukan zaga da shi bayan gari da sassafe, kafin rana ta ɗaga, lokacin da ƙasa ke da ɗan sanyi da laima, domin wari ya fi kwanciya a lokacin. In hazon hunturu ya yi kauri ba ya fita. Ina tafe da gorar ruwa dominsa, saboda kare mai haki ta baki yake numfashi, iska ba ta bi ta inda ake jin wari, busasshen hanci kuma ba ya kama komai. In za a turara ramin gafiya da hayaƙi sai a janye shi gefe, ba kamar da ba da yake cusa kai cikin hayaƙin. A gida kuma yara sun mayar da ɓoye masa kifi wasan yamma, yau cikin kara, gobe bayan randa.

Kawu ya karɓo sababbin 'yan kwikwiyo biyu, kuma tare da Duna suke fita, suna binsa a baya suna sa hanci inda ya sa. Waɗannan na kai su an yi musu rigakafin distemfa da na haukan kare tun suna ƙanana, kuma duk wata nakan ɗaga leɓensu in duba haƙori, na Duna ma haka. Abin da har yanzu ba mu daidaita ba shi ne kayan ciki. Na ce a riƙa babbaka su ko a tafasa kafin a ba karnuka. Kawu ya yarda a gida, amma a dawa ya ce karen da bai ɗanɗana ɗanyen jinin abin da ya kama ba zuciyarsa mutuwa take yi, sauran 'yan ƙungiya kuma suna bayansa. Na roƙi likitan ya zo ƙauye ranar taron mafarauta kafin a buɗe dawa bana, ya yi wa karnuka allura, ya kuma yi wa dattawan bayanin tsutsar da bakinsa. Ya amsa zai zo, Sarkin Dawa kuma ya ce zai tara masa mutane.